Kalbubu Mai Ɗaura Madubin Saiti

Kafin ta ɗora butar shayi, Kalbubu Toktonalieva takan fitar da bindigogi waje. Duk wadda aka kawo mata jiya sai ta buɗe ta, ta leƙa ta tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ta jera su a kan dogon benci a ƙarƙashin rumfa, ta ja ƙofar waya ta sa kwaɗo. Ba ta saita madubi a kan ƙarfe mai ɗumi. Bindigar da za ta yi aiki a sanyin duwatsun Kirgistan, in ji ta, a cikin sanyin ya kamata a daidaita ta. Tana barinsu suna shan iska, ta koma ciki ta hura murhu, ta zuba madara a shayi, ta goge tabaranta da gefen ɗankwali, ta zauna jiran mai bindigar farko.

Haka take yi sama da shekara talatin a wannan ɗaki mai taga ɗaya, a bayan ofishin ƙungiyar masu gadin gandun dutse da ke ƙauyen Ak-Sengir, sama da At-Bashi. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Sunanta bai taɓa fitowa a jarida ba sai yau.

Aikin nata ba shi da yawan rassa. Masu gadin gandu da makiyayan da ke da lasisi duk karabin suke riƙewa, gajeriyar bindigar nan da soja suka ajiye tun kafin a haifi yawancinsu, mai cin harsashi goma, mai ɗura kanta bayan kowane harbi. Waɗanda suka ƙera ta ba su bar wa madubin saiti wuri ba. Kalbubu ce ke yi masa wurin. Takan kafa maɗauri a gefen ƙarfen, ta zaunar da madubin a cikin zobbansa, ta daidaita shi kada ya karkace, kuma kada ƙwanson harsashi ya buge shi in ya yi tsalle ya fito. Daga nan sai a fita filin bayan ofis, a kafa takarda a mita ɗari, a harba uku, ta je ta duba, ta dawo ta murɗa, a sake. Inda zare biyun cikin madubi suka gitta, nan harsashi zai sauka, in ba haka ba bindigar ba ta barin hannunta. Ba ta kuma yarda a cire saitin ƙarfe na asali. Doki yakan zame, gilashi yakan fashe, kuma mutum yana iya kasancewa tafiyar yini biyu daga ɗakinta.

A rumbun makaman soja ta koyi aikin, inda ta shiga tana budurwa a matsayin mai goge ƙarfe. Da aka rufe rumbun sai ta dawo gida da akwatin kayan aiki da hannun da ba ya rawa. Babba da yaro eje suke ce mata, wato babbar yaya a harshensu, kamar dai kowa ƙanenta ne.

Abin da aka fi saninta da shi a kwarin nan shi ne maganar riga. Duk wanda ya kawo bindiga a ɗaura masa madubi, sai ya zo da rigar da zai sa a kan dutse lokacin sanyi, ya sa ta, ya ɗaure ta har wuya, ya kwanta a ƙasa da ita. Kaurin riga yana shiga tsakanin kafaɗa da gindin bindiga, shi ke nuna inda ido zai tsaya a bayan madubi. Ba ruwanta da ko tsakiyar Yuli ne. Matan da ke wucewa kasuwa sun sha tsayawa a bakin shinge suna kallon ƙarti uku a kwance cikin rigunan fatar tumaki da hulunan gashi, rana na dukansu, gumi na ɗiga daga hancinsu.

"Eje, zan narke fa," in ji ɗaya daga cikinsu a bazarar bara.

"Narke, amma kada ka motsa kafaɗa."

"Wallahi ragon da aka feɗe aka yi rigar nan bai sha wahalar da nake sha ba."

"Shi bai yi surutu ba. Matso da kuncinka."

Akwai kuma abin da ba a dariya a kansa. Bindigar da ba ta da takarda ba ta shiga ɗakinta. Ɗan ƙanenta ya taɓa zuwa da wata a naɗe cikin bargo, yana cewa takardar na hanya. Ta ba shi shayi da gurasa, ta tambaye shi lafiyar uwarsa, ta ce in takardar ta iso su zo tare. Ya yi wata da watanni ba ya gaishe ta. Masu gadin da suka ga abin sun ce ko muryarta ba ta ɗaga ba.

Ke ce ke tsayawa a kan ƙanƙara da yatsu a waje, eje, domin sukundireba ba ta jin magana a cikin safar hannu. Ke ce kika san wuyan kowane mai gadi a kwarin nan, dogo da gajere, kika san wanda ke riƙe numfashi har fuskarsa ta yi ja, da wanda ke rufe ido kafin ya ja kunama yana rantsuwa bai rufe ba. Kalbubu mai hannun awo. Ba kya son a faɗa, to yau an faɗa.

Sai dai abin da ya sa aka rubuta wannan jinjina wani lamari ne da ya faru a sanyin da ya wuce, wanda mutanen kwarin suka yi wata da watanni suna ba da labarinsa ba daidai ba.

Orozakun shi ne mafi daɗewa a cikin masu gadi, yana dab da sittin. Kan kwarin ne yankinsa, inda goɗiyoyin ƙauye ke kiwo cikin dusar ƙanƙara. In kyarkeci ya saba da dabbobin mutane har ya zama ba ya komawa kan naman daji, ƙungiya takan ba da izini, kuma Orozakun ake turawa. Ba a tuna ranar da ya dawo ya ce ya kuskure ba.

A kakar bara ya aurar da autarsa ga ɗan Imanali, mai dawakai da yawa da murya mai yawa, wanda gidansa ke daidai bakin hanyar da ta hau dutse. A wurin biki, lokacin da surukai ke yi wa juna kyautar tufafi, Imanali ya yafa wa Orozakun rigar fatar tumaki sabuwa fil, doguwa har ƙauri, mai wuyan gashi baƙi. Kowa ya taɓa, kowa ya yaba. Kalbubu ma tana wurin, ta taɓa ta yaba, ta ɗauka a ranta cewa irin rigar nan akwati take shiga, sai sallah ko biki.

Da ƙanƙara ta rufe kan kwarin, wani kyarkeci ya fara ɗaukar duƙusai. An tura Orozakun. Ya same shi da safe a kan mushe, fili fetal, ba iska, ya harba, kyarkecin ya ɗaga kai ya tafi abinsa. Bayan 'yan kwanaki ya sake samunsa, wannan karon a gaban makiyaya biyu, ya sake kuskurewa. Duƙushin da aka rasa a tsakanin harbin biyu na Imanali ne.

Kafin Orozakun ya sauko, labarin ya riga shi isa kantin ƙauye.

"Baike, abokinka na dutse ya aiko da gaisuwa," in ji wani matashi, yana ba shi girman babban wa yana kuma ƙunshe dariya. "Ya ce na jiya ya yi ƙashi da yawa, a aiko masa mai kitse."

Talasbek, shugaban masu gadi, bai yi dariya ba. Orozakun ne ya koya masa hawan dutse, amma dokar ƙungiya a fili take: wanda ya kuskure sau biyu a jere sai ya yi harbin gwaji a gaban kwamiti, in ya faɗi ya miƙa bindiga. Mai gadin da ba shi da bindiga kuwa ƙofar ofis yake tsarewa har ya gaji ya tafi gida. An sa ranar Asabar.

Ranar Laraba da hantsi Orozakun ya shigo ɗakin Kalbubu. Ya buɗe bindigar ya nuna mata babu komai a ciki, ya ajiye ta a kan tebur. Ya cire sabuwar rigar, ya kaɗe ta, ya rataye ta a ƙusar da ta fi nisa da gwangwanin mai.

"Eje, karɓi kayanki. Ba sai an tara mini jama'a ranar Asabar ba."

"Ba kayana ba ne, na ƙungiya ne. Zauna ka sha shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba."

"Shi ya sa zai yi maka amfani."

Ta ɗauki bindigar ta kai ta benci a waje, ta dawo ta zuba masa. Ya riƙe kofin da hannu biyu bai sha ba. Can ya ce, yana kallon murhu, "Idona ne. Da na sa shi a madubi sai wani baƙi ya taso daga gefe kamar jinjirin wata, ya cinye rabin abin da nake gani. In na matsa kai ya koma ɗaya gefen. Haka mahaifina ya fara, kin san yadda ya ƙare, ana jansa da hannu zuwa banɗaki."

"Ka je asibiti?"

"In je su rubuta?"

"Gulsun ta sani?" Gulsun matarsa ce.

"In ta sani ai kwarin nan ya sani."

Kalbubu ba ta ce masa ya kwantar da hankali ba, domin ba ta san ko akwai dalilin kwantarwar ba. A ranta ta fi son a ce laifin madubin ne, ko da ita ta ɗaura shi. Da bindigar ta yi sanyi suka fita fili. Ta kwanta ta harba uku da kanta. Suka taka suka duba takardar: huji uku a tsakiya, kamar an ɗiga su da yatsa.

"Bindigar lafiyarta ƙalau," ta ce.

"Na faɗa miki."

"Kwanta in gani."

Ba saiti za ta yi ba, idon kawai take son gani, kuma a zatonta rigar da ke rataye a ɗaki ta shigowa gari ce, don haka ta bar shi ya kwanta da suwaitarsa. Ya daɗe yana kallo a madubin kafin ya ja kunama. Ya harba uku. Da suka isa takardar, nasa sun fi nata haɗuwa.

"Baƙin fa?"

"Bai zo ba."

"Makaho ba ya yin wannan, Orozakun."

"A nan ne. A dutse yake zuwa. Wataƙila sanyin can ne ke tayar da shi."

Ta tsaya da takardar a hannu. Ta tambaye shi ko dokin ya faɗi da shi, ya ce a'a. Ko ya canja harsasai, a'a. Ko yana hawa da yunwa ne har jiri ya ɗebe shi, ya ce Gulsun ba ta barin ko kare ya fita gidanta da yunwa. Iska ta taso, ya ɗan ƙanƙame jikinsa a cikin suwaitar, sai ta dube shi daga kafaɗa zuwa wuya.

"Tsohuwar rigarka, wadda na saita maka madubin da ita, mai faci a gwiwar hannu. Tana ina?"

"Gulsun ta yanka ta, ta yi wa sirdi shimfiɗa."

"Yaushe?"

"Bayan biki."

"To da me kake hawa dutse?"

Ya nuna ɗakinta da haɓa.

"Rigar biki kake kwanciya da ita a ƙanƙara?"

"Yaya zan yi, eje? Gidan suruki a bakin hanya yake. Ranar farko da na wuce da tsohuwar, ya fito har bakin shinge ya ce, 'Suruki, ina rigar? Ba ta yi maka ba ne, ko ba ta kai ba?' A gaban yaransa. Tun ranar ban sake wucewa ba sai da ita." Ya ɗaga kafaɗa. "Kuma na tuna dokarki. Na ce ai waccan fatar tumaki ce, wannan ma fatar tumaki ce."

"Waccan ta yi shekara da shekaru tana sirancewa a jikinka har ta koma kamar ɓawon albasa. Wannan tumaki nawa ne a cikinta?"

"An ce shida."

"To tumaki shida ne a tsakaninka da bindigarka. Je ka sa ta."

Ya ƙi kwanciya da ita a kan ƙasar filin sai da ta ɗauko masa shimfiɗar gashi daga ɗaki. Ya ɗaure rigar har wuya, ya kwanta, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya kai ido.

"Ga shi nan!" ya yi ihu, kamar wanda ya hango ɗan'uwansa a tasha. "Ga baƙin nan, eje! Wallahi shi ne!"

"Ina ganinsa daga nan. Kanka ya ja baya da yatsa biyu, wuyan rigar kuma ya ɗage maka kunci."

Ya mirgina ya kwanta rigingine a kan shimfiɗar yana dariya, rigar ta baje kamar an kayar da sa. Da ya tashi zaune ya goge ido da bayan hannu, ya ce iskar filin nan ba ta da kirki. Ta ce haka ne, kullum tana faɗa.

Magani mafi sauƙi shi ne ya ari tsohuwar riga a wurin wani. Ta faɗa masa, ya girgiza kai kafin ta ƙarasa. Imanali zai zo kallon gwajin, kuma ko bayan gwajin gidansa ba tashi zai yi daga bakin hanya ba. Yarinya kuma ko wata uku ba ta yi a gidansu ba, tana zuba wa uwar miji shayi da kai a sunkuye.

"To," in ji Kalbubu. "Rigar ba za ta matsa ba, kai ma ba za ka matsa ba. Madubi ne zai matsa. Bar mini bindigar zuwa Juma'a, ka dawo da tumakinka."

A bakin ƙofa ya juyo. "Me za mu ce wa mutane?"

"Kai ba za ka ce komai ba. In aka ce riga ce, an kunyata wanda ya bayar, an mayar da wanda ya sa abin dariya, ga yarinya a tsakani. Tafi gida ka ci abinci."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Madubin ya riga ya ƙure baya a kan tsohon maɗaurin, babu sauran inda zai matsa. Sai da ta yanko sabon ƙarfe, ta yi yini biyu tana goge shi da magagari tana gwadawa, har ya zauna daram ya kuma bar wa ƙwanso hanyar fita. Ranar Juma'a Orozakun ya kwanta da rigar, ta ja madubin baya kaɗan-kaɗan har ya ce baƙin ya tafi, ta ɗaure, ta nuna masa yadda zai riƙa naɗe wuyan gashin gefe guda kowane lokaci, sannan suka shiga harbi da murɗawa har hujin suka dawo tsakiya.

Talasbek ya leƙo suna tattara kaya.

"Eje, me kika samu?"

"Madubin ne ya so gyara. Na gyara."

Ya dubi madubin. "Ke kika ɗaura shi fa."

"Ni ce."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Ta kuma san sarai yadda za a ji shi.

Ranar Asabar filin ya cika. Makiyaya sun zo a kan dawakai, mata sun jeru a bakin shinge, kwamiti na mutum uku sun tsaya da hannu a aljihu. Imanali ya zo a kan dokinsa mafi kyau, bulala a hannu.

"Suruki, a hankali da rigar nan, kada ka jiƙa ta!" ya kwaɗa daga nesa.

"Baike, kada ka yi sauri, takarda ba ta gudu!" in ji matashin kanti.

Orozakun bai dubi kowa ba. Ya naɗe wuyan rigar gefe guda, ya kwanta, ya harba biyar ɗin da doka ta ce, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kalbubu na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ba takardar take kallo ba, kuncinsa take kallo a kan katakon bindiga, kuma tun daga harbi na biyu ta koma ciki ta duba murhu. Talasbek ya taka ya ciro takardar, ya ɗora tafin hannunsa a kai, hujin biyar suka ɓace a ƙarƙashinsa. Ya nuna wa kwamiti, ya dawo ya miƙa wa Orozakun.

"Baike, gobe ka hau. Goɗiyoyi na jira."

A makon da ya biyo ya sauko da kyarkecin a bayan sirdi. Harsashi ɗaya ya kashe.

Daga nan labarin ya rabu biyu, kuma duka rassan sun kauce. Imanali ya shiga gari yana cewa rigarsa ce mai sa'a. Da wani ya tuna masa cewa ai da ita aka yi kuskuren biyun, sai ya ce a lokacin ba ta gama sabawa da jikin mai ita ba. Ɗaya reshen kuwa a kan Kalbubu ya faɗa. Aka ce hannun eje ya fara rawa, madubin da ta ɗaura ya kwance har ya kusa cin aikin bawan Allah. Makiyaya biyu suka ɗauki bindigoginsu suka kai wa wani a birni. Ta ji, ta ci gaba da fitar da sauran waje kowace safiya. Da ta sanar cewa za ta ajiye aiki, wasu suka gyaɗa kai suka ce dama. Gaskiyar dalilin ita ce gwiwoyinta sun gaji da kwanciya a ƙanƙara, kuma 'yarta da ke Karakol ta haifi tagwaye.

Ranar Lahadin da ta wuce ƙungiya ta yanka rago a farfajiyar ofis domin sallamarta. An ci nama da taliya, an zagaya da nonon goɗiya, dattawa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna sa albarka. Da aka zo kan Orozakun sai ya miƙe ya ce shi ba albarka kawai zai sa ba, akwai kayan da ya gaji da ɗauka. Autarsa yanzu ta haihu, ta zauna daram a gidan mijinta, ba abin da zai girgiza ta. Ya ba da labarin tun daga shayin da ya ƙi sha, har da tumaki shida. Da ya kai wurin "Ni ce," sai ya zauna.

Kowa Imanali yake kallo. Ya ajiye ƙashin da ke hannunsa, ya goge gashin baki.

"Tsaya, suruki. Wato ni na ɗinka riga da tumakina, na yafa maka, domin kyarkeci ya ci duƙushina cikin kwanciyar hankali?"

"Kusan haka ne, suruki."

Dariyar da aka yi sai da karnukan maƙwabta suka amsa. Imanali ya fi kowa, har yana dukan cinya. Da ya samu numfashi ya juya wajen Kalbubu.

"Eje, kina ji ina yawo gari ina yabon riga, kika bar ni?"

"Rigar mai kyau ce."

"Ana kuma cin namanki a kanti!"

"Bai yi musu kitse ba."

Ya miƙe a gaban jama'a ya ce duƙushin farko da goɗiyarsa za ta haifa bana na eje ne. Ta ce a hawa na huɗu 'yarta take zaune a Karakol, sai dai in dokin ya iya hawa bene. Ya ce zai riƙe mata shi har tagwayen su isa hawa. Makiyaya biyun da suka kai bindigoginsu birni suna wurin. Ɗaya ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa, ɗayan ya zo bayan an watse ya tambaya ko kafin ƙarshen wata za ta duba masa madubinsa, domin tun da ya dawo da shi hagu yake ci. Ta ce ya kawo da safe.

Wannan shi ne yadda abin ya faru, kuma duk waɗanda aka ambata sun yarda a buga shi, ban da ita, wadda ta ce ɓarnar takarda ce.

Eje, kwarin nan yana godiya. Kin ɗaura madubai da ba wanda ya ƙirga, kuma ba a taɓa kawo gawar mutum ko ta dabbar da ba a nufa ba aka ce saitinki ne. Kin ɗauki maganar da ba taki ba kika riƙe, domin wani dattijo ya ci gaba da aikinsa, wata yarinya kuma ta zauna lafiya a gidan aurenta. Wanda zai gaji ɗakin nan mai taga ɗaya, da duk mai sana'ar hannu da ke karanta wannan, ya ɗauki abu biyu daga gare ki: ya dubi mutumin kafin ya taɓa ƙarfen, kuma in ya gano gaskiya ya tsaya ya duba wa za ta faɗa wa a kai kafin ya sake ta.

Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya raya tagwaye. Orozakun zai hau kan kwarin bana ma, da bindigarsa a kafaɗa da idonsa biyu lafiya. Mun gode, eje.